Na San Shi, Malama

"Wallahi Yaya, in ka ba shi yarinyar nan, ni da kai sai dai mu haɗu a lahira!"

Gwaggo ce take wannan rantsuwa a tsakiyar falo, mayafinta ya zame ƙasa ba ta ma sani ba. Baba yana zaune ya haɗe rai kamar bai taɓa dariya ba. Auta kuwa tana durƙushe a bakin ƙofa cikin fararen kayanta na makarantar koyon aikin jinya, jaka a kafaɗa, hawaye wani na bin wani.

"Gwaggo, don Allah ki saurare ni. Faɗuwa ɗaya fa ya yi."

"Ɗaya muka gani. Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ya zube a gabanmu yana shure-shure, kumfa a baki, ki ce mini ba farfaɗiya ba ce? Ni na yi jinyar miji har ya koma ga Allah, na san ɗacinta. Ban raine ki tun rasuwar uwarki don in miƙa ki ga wannan wahalar ba."

Wanda ake maganarsa Dogo ne, kafintan da ke bayan layinsu. Kujerar da Baba yake kai ma aikin hannunsa ce. Da can Baba ba ya gajiya da yabonsa, yana cewa yaron nan ƙusarsa ba ta ƙarya, shi ma haka. Ranar da ya zo gaida Baba a matsayin mai neman aure, an miƙa masa ruwa, kofin bai kai bakinsa ba Dogo ya kife a ƙasa. Daga ranar yabo ya ƙare. Sai sunan wani ya fara yawo a gidan: ƙaramin likita, ɗan aminin Baba, wanda yake aiki a asibitin da su Auta suke koyon aiki, mai ƙamshin turare da yawan kallon agogo.

"Baba," in ji Auta, "ka bari a san abin da yake damunsa tukuna."

"Shi ya gaya miki?"

Nan ne ciwon yake. Tun da aka sallamo Dogo daga asibiti ya daina ɗaukar wayarta. In ta je shagonsa sai ta tarar da kwaɗo a ƙofa, alhali tana jin motsi a ciki.

"To kin gani," in ji Baba. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tashi ki tafi makaranta."

Ta tafi, amma ita kanta ba ta san yadda ta kai ba.

Darasin ranar na Malama Sai-kun-tambaya ne. Haka ɗalibai suka laƙaba mata, kuma sunan ya bi ta. Ita ba ta tsayawa gaban allo ta yi ta zuba. Zama take a gefe ta harɗe hannu, ta ɗauko matsalar wani majinyaci na gaske daga asibitin, da izinin mai ciwon, ta cire sunansa, ta jefa musu jimla ɗaya. Sauran bayanin yana cikinta, ba ta sakin ko ƙwaya sai wani ya yi tambayar da ta dace. In ka yi tambayar banza ta kalle ka ta saman tabarau har ka raina kanka. Allon nata kashi uku ne kullum: abin da muka sani, abin da ba mu sani ba, abin da za mu nemo.

Doka ɗaya gare ta, kuma tana maimaita ta kamar karatun yara. Duk wanda ya gane majinyacin, ya miƙe ya faɗa, ya fita. Sirrin mara lafiya amana ce, an ara musu don koyo, ba don leƙe ba.

Suka zauna kewaye da teburi. Malama ta gyara tabarau.

"Saurayi ne. An kawo shi bayan ya faɗi yana jijjiga. Bismillah."

Tambayoyi suka fara fitowa. Ya taɓa yi a baya? A'a. Akwai mai yi a danginsu? Babu. Zazzaɓi? Babu. Yana shaye-shaye? Ko sigari ba ya sha.

"Mece ce sana'arsa?" in ji wata.

"Kafinta."

Alƙalamin Auta ya tsaya. Kafintoci ai da yawa, ta ce wa zuciyarta.

"A ina ya faɗi, Malama? A wurin aiki?"

"A gidan da ya je neman aure."

Aji ya kwashe da dariya. Wani mai bakin tsiya daga ƙarshen teburi ya ce, "Ai an gama, Malama. Ganin suruki ne ya sumar da shi. A rubuta masa maganin tsoro!"

Auta ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi, fankar sama ta koma kamar tana juyawa a cikin kanta. Shi ne. Dogonta ne aka baje a kan teburi ana masa dariya.

Ta san dokar. Ƙafafunta ma sun san ta, don sun fara neman miƙewa. Amma ga amsar da take kuka a kanta dare da rana tana zaune a cikin Malama, taku kaɗan tsakaninsu. Abin da Dogo ya rufe ƙofa a kansa, abin da Baba ya tambaye ta ta rasa. In ba farfaɗiya ba ce, yau ɗin nan za ta koma gida ta wanke shi tas. Ta danne gwiwoyinta da hannu ta zauna.

Ajin ya yi ta lalube. Wannan ya ce sukarin jininsa ne ya sauka, Malama ta ce an auna, lafiya lau. Wancan ya ce wataƙila ya taɓa buga kai, ta ce bai taɓa ba. Kashi na biyu na allon ya cika, na farko kuwa bai kai layi huɗu ba.

Auta tana kallon allon, abubuwa suna dawo mata. Yadda Dogo ya riƙa zuwa da safe ido jawur, yana cewa kansa kamar ana buga masa guduma. Yadda ya fara bugun ƙyauren shagonsa da kafaɗa, shagon da ya fi sanin hanyarsa fiye da tafin hannunsa. Ita kuma ta yi ta tsokanarsa, tana cewa soyayya ce ta makantar da shi. Ɗalibar jinya guda, tana gani tana dariya.

Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Yana tashi da ciwon kai da safe?"

Malama ta juyo. "Yana tashi da shi."

"Har da amai?"

"Har da amai. Ci gaba."

"Yana... yana bugun abubuwa in yana tafiya? Ta ɓangare ɗaya kawai?"

"Wane ɓangaren?"

"Hagu."

Malama ta sauke tabarau ta riƙe a hannu.

"Hagu ne kuwa. An gwada idonsa, ba ya ganin abin da yake hagunsa. Me kuma?"

"Kayan aiki suna suɓuce masa daga hannun hagun?"

"Suna suɓucewa."

"Kai, Auta ta ci littafi yau!" in ji mai bakin tsiya. Babu wanda ya yi dariya.

Malama ta dubi Auta, ta ce a hankali, "Idan kun haɗa ciwon kai na safe, da amai, da rabin gani, da raunin hannu, da jijjigar da ta fara a girma, me za ku nema?"

"Hoton kai," aji ya amsa.

"An yi masa. Wa zai tambaye ni abin da aka gani?"

Duk suka juyo ga Auta, don ita ta kawo su wurin. Tambaya ɗaya ta rage. Ta buɗe baki, sai ta ga fuskar Dogo ranar da ya ce mata shi ba ya son a riƙa kallonsa da tausayi. Ya yarda baƙi su koyi aiki da ciwonsa saboda ba su san shi ba. Ita kaɗai ya ɓoye wa, ita kuma ta biyo ta taga.

Ta miƙe, kujerar ta faɗi a bayanta.

"Na san shi, Malama."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ce inda ya faɗi. Gidanmu ne."

Mai bakin tsiya ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malama ta mayar da tabarau.

"Kin san doka, kin kuma taka ta. Za mu yi maganar wannan a ofis, ba zan rufe miki ba. Amma tambayoyinki duk daidai ne, wanda kika yi wa su ne ba daidai ba. Je ki tambayi mai ciwon."

Ta fita a guje. A barandar asibiti ta kusa karo da ƙaramin likita, ya tare ta da murmushinsa na kullum.

"Subhanallahi, wa ya taɓa mana 'yar Baba?" Ya rage murya. "Na san wanda Malamarku ta ɗauka yau, a sashenmu aka duba shi. Ki daina wahalar da kanki. Zo mu zauna, in gaya miki komai, sai ki san inda za ki sa ƙafa."

Ta share ido ta dube shi sama da ƙasa.

"Sirrin majinyacinka za ka yi mini toshi da shi?"

"Don ke zan yi."

"Don kanka dai. Matsa mini, Likita."

Yau ma kwaɗo ne a ƙofar shagon. Ta zagaya ta baya, inda ake shigo da katako, ta tura ƙyauren da ƙarfi.

Yana zaune a kan benci, ya ba ta gefen hagu, yana goge wata ƙafar teburi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta tsaya kusa da shi, kusa ƙwarai, bai san tana wurin ba. A nan ne kuka ya ƙwace mata.

Ya zabura ya juyo gaba ɗaya. "Auta! Ta ina kika shigo?"

"Na daɗe a tsaye, Dogo. Ba ka gan ni ba."

Ya ajiye katakon. "Ki tafi gida."

"Ba inda za ni. Yau a ajinmu aka kawo ciwonka."

Fuskarsa ta canza. "Ajinku? Sun ce mini ɗalibai ne, ba za a faɗi suna ba. Wallahi da na san ke ce..." Ya haɗiye sauran. "To kin ji ke nan."

"Ban ji ba. Na zauna na saurara har kusa da ƙarshe, wannan laifina ne, ka yafe mini. Amma na fita kafin a faɗi abin da aka gani a hoton. Ba na son in ji a bakin kowa sai naka. Don girman Allah, Dogo, me suka gani?"

Ya kawar da kai. Ta zagayo ta damansa ta durƙusa a cikin dusar katako, fararen kayanta suka ɓaci ba ta damu ba.

"Ka hana ni waya, ka hana ni ƙofa. A gida ana cewa in kawo hujja, ba ni da ita. Kullum sai na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Me na yi maka da za ka bar ni a duhu? In mutuwa ce ma ka gaya mini, ai ni ma zan mutu."

"Ƙari ne," ya ce. "A cikin kaina, ta dama. Sun ce yana danne wurin da ke kula da hagu."

Ta riga ta zata, amma ji daga bakinsa daban ne. Ta dafe bencin.

"Za a iya cire shi?"

"Sun ce za a iya. Sun ce wataƙila in tashi garau. Wataƙila hannun nan ya tafi gaba ɗaya." Ya ɗaga shi yana kallo. "Kafinta mai hannu ɗaya, Auta. Da me zan riƙe ƙusar? Da me zan ciyar da ke? Gwaggonki ba ta yi ƙarya ba, sunan ciwon kawai ta kuskure."

"Ni ban ce ina son hannunka ba. Kai nake so."

"Haka ake faɗa kafin a fara."

"Yaushe za a yi tiyatar?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ba za a sa rana ba sai na kawo wanda zai zauna da ni. Sun ce bayan tiyata sai an juya ni, an ba ni abinci a baki, an sa mini ido dare da rana, kuma ma'aikatansu ba su isa ba. Kin san ba ni da kowa a garin nan. Uwa babu, uba babu, ƙanwata tana can nesa da ciki tsoho."

"Kuma kana zaune ƙarin yana girma? Ni zan zauna da kai!"

"Ba za ki zauna ba."

"Aikina ne! Shi nake koya!"

"Na ce a'a." Muryarsa ta tashi, sannan ta karye. "Ba aure tsakaninmu. Baba ba zai yarda ba, in kin zo a kan ƙin yardarsa kin rasa gida. Na rantse da Allah, in na buɗe ido na gan ki a bakin gadon nan ba da izininsa ba, zan sauko in fasa tiyatar. Ba zan raba ki da mahaifinki ba, Auta. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi miki."

Ta san Dogo. In ya rantse, ƙusa ta shiga ke nan.

"To ka ba ni izini in gaya musu gaskiya."

Ya ce, "Gaya musu. Ai ba abin da ya rage."

Rana ba ta faɗi ba ta iso gida. Ta tarar da Baba da Gwaggo inda ta bar su, kamar ba su motsa ba. Ta zube a gaban Baba ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

"Ba farfaɗiyar gado ba ce, Baba. Ciwo ne da ake cirewa. Ka taimake ni, ka ɗaura mana aure kafin tiyatar in samu in zauna da shi. Ko ba biki, ko ba komai. In aka bar shi haka zai makance, ko ya mutu."

Ta yi tsammanin gaskiyar za ta wanke shi. Sai ta ga fuskar Baba ta ƙara duhu.

"Da ma farfaɗiyar ce," ya ce. "Ita an san ana rayuwa da ita. In ɗaura miki aure yau, gobe in ɗauko ki kina takaba? Allah ya ba shi lafiya, amma ba da 'yata ba. In kuma kika sa ƙafa a ɗakin da yake kwance, kada ki dawo mini gida."

"Baba, ka tuna yadda kake yabonsa!"

"Na gama magana."

Ta juya ga Gwaggo ta rungume ƙafafunta. "Gwaggo, ke uwata ce. Ki ce wani abu. Ba shi da kowa."

Gwaggo ba ta ture ta ba. Tana kallon kujerar da Baba yake kai, wurin da yaron ya faɗi.

"Kika ce ba za a yi masa ba sai da mai zama?"

"Ba za a yi ba."

"Kuma babu ko mutum ɗaya?"

"Babu."

Gwaggo ta ja dogon numfashi. "Maraya ne, ba za a bar shi ya mutu a shago kamar kaza ba. Na iya juya mara lafiya, na iya ba shi ruwa da cokali, hannuna bai manta ba. Ni zan zauna da shi har ya tashi."

Auta ta ɗago da sauri, zuciyarta kamar ta fito.

"Tsaya, ban gama ba." Idon Gwaggo ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Zan yi ne don ke kada ki yi. Ki yi mini alkawari a gaban mahaifinki kin cire shi a ranki. Ko ya warke, ko bai warke ba. Ba zan tilasta miki likita ba, ki auri wanda kika ga dama, ban da shi. In kin yarda, gobe da safe ina asibiti. In ba ki yarda ba, ban san zancen ba."

"Gwaggo, kashe ni za ki yi?"

"Raya ki zan yi. Sai kin girma za ki gane."

Auta ta dubi Baba, ya kawar da kai. Ta dubi ƙofa. Ta lalubi wata hanya a ranta, kamar yadda aka koya musu, ta jera abin da ta sani da abin da ba ta sani ba. Ba ta san ko zai tashi da hannunsa ba. Ba ta san yadda za ta rayu ba shi ba. Abu ɗaya ta sani tabbas: ƙarin ba ya jiran kowa ya gama kuka.

"Na yarda," ta ce. Ita kanta da ƙyar ta ji muryarta.

"Ɗaga murya, mahaifinki ya ji."

"Na yi alkawari. Na bar shi."

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki mayafinta, ta nufi ɗaki don haɗa kaya. Har ta kai ƙofa Auta ta kira ta.

"Gwaggo."

"Mene ne kuma?"

Ta share fuska da hannun rigarta, wadda dusar katako ke manne a jiki har yanzu.

"In kin je, ki riƙa zama ta damansa. Ba ya ganin wanda yake hagunsa, kada ya farka ya zaci ba kowa."